Abin da Ke Koro Ƙato Daga Bariki

A Birnin Tudu, kamar sauran garuruwan da ke shan ruwan madatsar Bakolori tun daga Maradun har Talata Mafara da Bakura, ba a rasa ƙarfafan samari. Yaron da ya tashi yana dashen shinkafa cikin taɓo tun asuba, yana saɓa buhu daga gona zuwa bakin hanya, ya shiga gayya ya fito ko haki bai yi ba, babu mai koya masa wahala. Ƙasar dambe ce kuma, har yau sunan Shago bai bar bakin mutane ba. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja, irin waɗannan samarin gari ke zuba wa ido. A cike takarda ta intanet, a je Gusau tantancewa, a auna tsawo, a duba ido da ƙirji da jini, wanda ya dace a kwashe shi zuwa Zariya.

Bayan 'yan makonni sai a ji wane ya dawo. Ya sauka da dare in ya sami hali, ya shige ɗaki, ya daina zuwa majalisa. Abin da ke ɗaure kai shi ne wanda ya dawo ɗin. Da siririn nan ne da aka yi wa dariya ranar tafiya, da ba wanda zai tsaya tambaya. Amma sau da yawa ƙaton ne, wanda uwarsa ta riga ta fara amsa gaisuwar "uwar soja". Siririn kuwa sai bayan wata shida a gan shi cikin kaki, ya ƙara ramewa, amma ya gama.

Gari ba ya rasa amsa. Wasu su ce an yi masa hannu. Wasu su ce ba shi da kowa a sama. Wasu kuma, cikin raɗa, su ce ashe rago ne. Maganar uban gida tana iya bayyana wanda ya sami shiga da wanda aka bari a bakin ƙofa, amma ba ta bayyana wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin fareti. Maganar asiri tana rufe bakin tambaya tun ba a yi ta ba. Ta ukun ce ta fi ciwo, ita ce kuma ta fi nisa da gaskiya. Ni dai ina ganin tambayar ta cancanci a bi sawunta har inda ta kwana, domin a wannan yanki sha'anin kaki ba abin wasa ba ne. Birnin Tudu bai manta watan Afrilun 1980 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da aikin Bakolori ya cinye. Yau kuma 'yan bindiga sun hana noma da tafiya a sassa da yawa na Zamfara, har samari na shiga soja da zuciyar kare gida, ba don albashi kaɗai ba. Kowane ɗaya da ya dawo hannu rabbana asara ce gare shi da gare mu.

Wuraren da ake wannan tankaɗe sanannu ne. Makarantar kurata ta Zariya tana nan tun 1924. Makarantar sojan yara ta Zariya ta biyo baya a 1954, sai makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1964, inda mai neman zama hafsan sojan ƙasa ke shafe shekara biyar. Wanda ya tsallake waɗannan yana kuma son shiga sahun 'yan kundumbala, akwai horon sauka da laima a Jaji, akwai makarantar dakaru na musamman a Buni Yadi ta jihar Yobe. Duk matakin da aka hau, rariyar ƙara matsewa take. Amma tun da jikin ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, shaidun da za su warware mana wannan ƙulli suna warwatse a ƙasashen da suka buɗe kundayensu masu bincike suka duba.

Wanda ake fara zargi shi ne ƙarancin ƙarfi. Wataƙila ƙarfin gona daban, na bariki daban. Wataƙila waɗanda suka fi ƙarfi na gaskiya su ne ke zama. An gwada wannan a West Point, makarantar hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka. Kafin a ɗauki ɗalibi a can sai an haɗa masa maki guda daga jarrabawarsa da matsayinsa a aji da shaidar shugabanci da gwajin ƙarfin jiki. A 2004 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Angela Duckworth, ta bi sabbin ɗalibai 1,218 cikin makonnin farko na horo, waɗanda su ne mafiya tsanani. Guda 71 suka bari. Da aka duba, babban makin nan da makarantar ke taƙama da shi bai nuna wanda zai zauna da wanda zai tafi ba. Mai maki a sama yana tattara kayansa kamar yadda mai maki a ƙasa ke yi. Abin da ya fi nunawa shi ne wata 'yar gajeriyar takardar tambayoyi kan naci, wato ko mutum ya saba gama abin da ya fara. Ƙarfi dai sharaɗin shiga ne, kowa a wurin yana da shi. Wannan zargi ya faɗi.

To sai a raba masu dawowa gida biyu, don ba hanya ɗaya suka bi ba. Akwai wanda jikinsa ya fitar da shi, likita ya sa hannu. Akwai wanda ya fita da ƙafarsa. Mu fara da na farkon, domin a nan ne labarin ya fi duhu, har da gawarwaki.

Tsakanin 1968 da 1969, a barikin Fort Bliss da ke jihar Texas, kurata huɗu suka faɗi ana tsakiyar motsa jiki, suka mutu. Matasa ne, an duba lafiyarsu kafin ɗauka, ba a san su da wani ciwo ba. Dukkansu baƙar fata ne. Da likitoci suka bincika, suka buga sakamakon a 1970: su huɗun duk suna ɗauke da rabin gadon sikila, abin da asibitocinmu ke rubutawa AS. Ba masu ciwon amosanin jini ba ne. Irin mutanen nan ne da ake ce wa lafiyarku lau, ku dai kula wajen zaɓen abokin aure.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da wannan gado, kuma akwai dalili. Tun 1954 Anthony Allison, likitan da ya girma a Kenya, ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. Duk inda sauro ya yi yawa, gadon kan yaɗu. Ke nan in mota ta ɗebi samari ashirin daga Bakura zuwa Zariya, lissafi na cewa wajen biyar daga cikinsu suna da shi, wasunsu ma ba su sani ba.

Sai dai an yi gardama kan gawarwakin Fort Bliss, gardama mai ma'ana. Ƙwayoyin jinin mai AS suna lanƙwashewa bayan mutuwa ko da mota ce ta kaɗe shi, saboda iskar da ke cikin jinin ta ƙare. Ganin lanƙwasassun ƙwayoyi a gawa ba ya nuna su suka yi kisa. Kafin a raba gardama, tsoro ya riga ya yi aikinsa: makarantar hafsoshin sojan saman Amurka ta rufe ƙofarta ga masu AS, ba ta buɗe ba sai 1981.

Wani likitan soja, John Kark, shi ya ɗauki hanya mai tsawo. Shi da abokan aikinsa suka bi bayanan kurata sama da miliyan biyu da suka shiga horo daga 1977 zuwa 1981, suka tantance mutuwar kowane ɗaya. Sakamakon da suka buga a 1987 ya girgiza mutane: haɗarin mutuwar farat ɗaya ba tare da sanannen dalili ba ya ninka kusan sau 28 ga kurtu baƙar fata mai AS, in aka gwada shi da ɗan'uwansa baƙar fata maras shi. Da a nan aka tsaya, da an ce an kama ɓarawo. Jini ne, ƙaddara ce, babu abin yi sai a hana su shiga.

Kark bai tsaya ba. Ya koma kan takardun mamatan yana duba ranar da kowa ya faɗi da yanayin garin, sai ya ga zafi na bin sawun da yawa daga cikinsu. Aka sauya tsari a wasu barikoki: a auna zafin gari kafin a fita, a rage gudu in ya tsananta, a tsaya kan kowa har ya sha ruwa, a sassauta tufafi, wanda ya faɗi a sanyaya shi nan take. Ba a ware masu AS ba, kowa aka yi wa. A barikokin da suka bi wannan tsari, ƙarin mutuwar nan ta masu AS ta kau. Wani binciken da aka buga a 2016 ya bi sojoji baƙar fata 47,944 ƙarƙashin irin wannan kulawa, bai sami bambancin mutuwa tsakanin masu gadon da marasa shi ba. Abin da ya rage shi ne ƙarin haɗarin narkewar tsoka da kashi 54 cikin ɗari, kwatankwacin abin da shan taba ke ƙara wa soja. Ashe jinin ba shi kaɗai ke aiki ba. Yana da abokin tafiya, kuma in aka kama abokin, jinin ya zama ba abin tsoro ba.

Ga alama an gama: zafi ne. Amma a nan ɗan Birnin Tudu zai ɗaga hannu. Wane zafi za a nuna wa wanda ya saba da bazarar Bakura, inda ma'auni ke haura digiri 40 a watan Afrilu? In zafi ne, ai mu ya kamata mu fi kowa zama.

Amsar tana kan wasu tsaunuka na yankin Wales a Birtaniya. Ranar 13 ga Yuli, 2013, masu neman shiga rundunar kundumbala ta SAS suka fita tattakin kilomita 26, kowa da jaka mai nauyin fiye da kilo ashirin da bindiga, kuma da agogo a kansu. Uku suka rasa rayukansu: Craig Roberts da Edward Maher a ranar, James Dunsby bayan mako biyu da 'yan kwanaki a asibiti. Zafin jiki ne ya kashe su. Ma'aunin zafin garin a ranar ya kai wajen digiri 27, yanayin da a Talata Mafara za a ce gari ya yi daɗi. Roberts ya faɗi saura ƙiris ya kai ƙarshen tafiyar.

Mutum ba ya mutuwa da digiri 27 don rana. Wutar daga ciki take. Tsokar da ke aiki, mafi yawan ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama, ba motsi ba, kuma hanyar fitarsa ita ce gumin da iska ke busarwa. Ka sa wa mutum kaki mai kauri da takalmi da hular kwano, ka ɗora masa jaka a baya, ka hana shi rage sauri, ka mayar da shi tukunyar da aka rufe aka ci gaba da iza mata wuta. Daga digiri 37 jikin ya hau, in ya wuce 40 ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, hanta da ƙoda su bi baya.

Yanzu a sake duban ƙaton gona. Gaskiya ne ya saba da rana. Amma a gona shi ke riƙe da linzamin kansa. Riga ɗaya ce a jikinsa ko babu, ƙafarsa cikin ruwa, in ya ji jiri ya dafa fartanya ya numfasa, rana ta take ya nemi gindin bishiya, ba wanda zai rubuta sunansa. Jikinsa yana masa magana yana amsawa, tun ba a kai ga haɗari ba, har bai ma san yana yi ba. A bariki linzamin yana hannun saje. Babban jiki kuma ya fi tara zafi, ya fi wuyar hucewa. Siririn da ke bayansa ya fi shi sauƙin shan iska. Wannan kashi ɗaya ke nan na amsar, kuma ba shi da alaƙa da ragwanci ko kaɗan.

Akwai ƙananan abubuwa da ke shigowa ta wannan ƙofa. Ƙafar da ta girma cikin silifa ta shiga takalmin soja, bororo ya fito, ya fashe, mutum ya sauya taku don kare wurin, ƙwauri ya ɗauki nauyin da ba nasa ba har ƙashin ya tsage. Zazzaɓin da aka taho da shi daga gida. Gudawar sauyin ruwa. Tsargiya, wadda yaran bakin kwatar ban-ruwa suka sani sarai, tana rage jini a hankali shekara da shekaru. Ko ɗaya cikin waɗannan bai isa ya kori mutum ba. Kowanne yana da magani mai arha in an kama shi a kwanan farko. Tambayar da ta rage ita ce abin da ke hana a kama shi a kwanan farko. Mu riƙe ta, mu leƙa ɗaya rukunin, masu fita da ƙafarsu.

Babu inda aka fito da wannan fili kamar Coronado a jihar Kaliforniya, inda ake horar da zaratan sojan ruwan Amurka da ake kira SEAL. A tsakar filinsu akwai ƙararrawar tagulla. Duk wanda ya ga ba zai iya ba, ya je ya buga ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa a layi, shi ke nan. Cikin kowane huɗu da suka fara, wajen uku ba sa gamawa. Tsakiyar abin wani mako ne na kwana biyar da rabi, cikin ruwan teku mai sanyi da yashi da ɗaukar gungume da kwale-kwale a ka, barcin da ake samu gaba ɗaya bai wuce awa huɗu ba.

Waɗanda suka wuce ta wurin suka rubuta labarinsu sun yi ta maimaita abu ɗaya da ya ba su mamaki: ba a tsakiyar azaba aka fi buga ƙararrawar ba. An fi buga ta a farkon makon, da lokacin da aka ɗan tsaya, rana na faɗuwa, malamai na shelar irin daren da ke tafe. Mutum yana cikin ɗaukar gungume ba shi da sararin tunani. Da ya tsaya sai lissafi ya zo: yau Litinin, ga yadda nake ji, saura kwana huɗu. Abin da bai riga ya faru ba shi ke kayar da shi. Rashin barci kuma yana ƙara wa lissafin ƙarya, domin kan da bai yi barci ba komai baƙi yake gani. Shi ya sa dabarar da suke koya wa juna ita ce gutsura lokaci: kada ka yi tunanin Juma'a, ka kai kanka abinci na gaba kawai. Musulmin kurtu yana da wannan ma'auni tun daga gida. Daga asuba zuwa azahar tafiya ce da kowa zai iya hangen ƙarshenta.

Nan ma manomi ya zo da wani sabo da ke juya masa baya. Wahalar gona tana da iyaka da ido ke gani: ga kunya, ga ƙarshenta, in an kai an gama, a yaba maka. Horon soja da gangan ake ɓoye ƙarshensa. A ce saura kilomita ɗaya, a kai, a ce a juya. Ka yi daidai a sa ka tsallen kwaɗo, ɗan'uwanka ya yi kuskure a yi wa duk ɗakinku gwale-gwale. Ba mugunta ce zalla ba. Ana son ganin abin da mutum zai yi ranar da ƙoƙarinsa bai haifar da komai ba, domin fagen fama cike yake da irin ranakun nan. An tsara shi yadda kowa sai ya gaza a wani abu. Wanda ya taso ana kayar da shi, ana masa tsawa a makarantar allo ko ta kwana, ya san yunwa da kewar gida, ya san kuma cewa ana faɗuwa a tashi gobe. Wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, ranar da ya zo na ƙarshe a gudu a gaban mutum ɗari, abin da ke karyewa a cikinsa ba ƙashi ba ne.

Yanzu muna da zare biyu a hannu, na jiki da na zuciya. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya ya fito a mutuwar Kyle Mullen. Saurayi ne ɗan shekara 24, ƙato, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka a jami'ar Yale. A watan Fabrairun 2022 ya gama makon nan na Coronado. Bai buga ƙararrawa ba. Sa'o'i kaɗan bayan an taya shi murna ya rasu, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Kwanaki yana fama da numfashi yana tofar da ruwa mai jini, yana ci gaba. Rahoton da rundunar ta fitar a 2023 ya ɗora laifi kan raunin kulawar likitoci da sakacin shugabanni, ya kuma taɓo yanayin da ke sa ɗalibai gudun neman magani don tsoron a cire su daga ajin.

A ajiye wannan kusa da Wales, kusa da Fort Bliss. Ba ragwaye ne ke mutuwa a wuraren nan ba. Rago yana tsayawa tun da wuri, ya zauna a bakin hanya, ya rayu. Wanda ke kaiwa ga faɗuwa shi ne wanda zuciyarsa ta fi ƙarfin gargaɗin jikinsa. Kuma wanda ya buga ƙararrawa da dare, galibi bai gaya wa na kusa da shi cewa tunanin ya shige shi ba, sai dai a ji ƙara. Hanya biyu ce, amma mafarinsu ɗaya: mutum ya ji abu, ya yi shiru.

Wannan shirun kuwa mu muka koya wa ƙaton. Tun yana yaro ake ce masa namiji ba ya raki. Ya ga ɗan dambe ya sha naushi ya yi murmushi, ya ga Bafulatani a filin sharo bulala na tsaga masa fata yana kallon madubi. Ya bar gida da suna, an raka shi tasha, wataƙila an sayar da akuya an ba shi guzuri. Mai irin wannan kaya a ka ba ya iya zuwa layin marasa lafiya saboda bororo. Zai ɗaure ƙafar da tsumma. Zazzaɓi ya zo, ya haɗiye Panadol ya fita gudu da jikin da ya riga ya yi zafi. In ya saba da ƙwaya tun a wurin aikin ƙarfi, kamar tiramadol da ta yi wa samarinmu illa, sai ya toshe bakin jikin gaba ɗaya, abin da zai ce masa tsaya ya daina magana. Ranar da ya faɗi za a ce farat ɗaya ne, alhali mako biyu abin na ƙwanƙwasa ƙofa. Siririn ba shi da sunan da zai kare. Ƙafarsa ta tashi, ya nuna, aka sa magani. Ya kasa ɗaukar kaya, ya ce a taimaka masa, gobe shi ma ya riƙe wa wani bindiga. Dare ya yi masa tsawo, ya ce wa maƙwabcin gadonsa, "Wallahi yau ji nake kamar in gudu," wancan ya ce, "Bari dai mu ga safiya." Ba banza ba manyan makarantun kundumbala ke haɗa kowane ɗalibi da abokin da ba a yarda su rabu ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Juriya ita ce jarin soja, wanda kuma zai kai ƙara kan kowace gajiya ba wurinsa ba ne. Gwanintar tana wajen rarrabe wahala da rauni. Ciwon cinya bayan gudu, yunwa, barci a tsaye, zagin kofur, duk wahala ce, a daure. Amma fitsarin da ya koma launin shayi tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙwauri, yatsa na iya nuna shi, yana ƙaruwa kullum, ƙashi ne. Ƙafafun da suka saki ana tsakiyar gudu mutum yana cikin hayyacinsa, musamman mai AS, ba na a ɗaga shi a ce ya ƙarasa ba ne. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi ko faɗa ba dalili cikin zafi, shi kansa ba zai sani ba, don wurin sanin ne ya taɓu. Na kusa da shi ne zai gani. Irin wannan a tuɓe shi, a tsoma shi a ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa ana fifita, tun kafin a nemi mota. Rabin awar farko ita ce ke raba rai da mutuwa.

Saurayin da ke da niyya, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin jini na sanin AA ko AS ana yin sa a babban asibiti, ba shi da tsada, kuma sanin ba ya rage wa mutum komai. A yi maganin tsargiya da zazzaɓi tun a gida. A nemi takalmi mai nauyi a fara sabawa da shi watanni kafin kira, a fara gudu kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, domin huhu yana saurin sabawa amma ƙashi yana da nawa. Iyaye kuma su rage wa yaron kayan da suke ɗora masa. Wayar da ake bugawa kullum da labarin harin da aka kai ƙauyen gaba tana iya kayar da wanda gudu bai kayar ba.

Sai dai zalunci ne a bar wa yaro ɗan shekara goma sha tara nauyin duka. Kurtu yana yin shiru ne don ya ga abin da ke samun wanda ya yi magana. In zuwa wurin likita na nufin dariya, ko a mayar da kai baya, ko a sallame ka, to kowa zai ɓoye, kuma mafi zuciya ne zai fi ɓoyewa. Gyaran wannan yana hannun masu horon. A Birtaniya, mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke a 2015 cewa sakaci na cikin abin da ya kashe mutanen nan uku, a 2016 kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta tsawata wa ma'aikatar tsaro a hukumance. A Coronado, bayan Mullen, an ƙara binciken zuciya kafin a fara, ana ba ɗalibai maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin makon, kuma likitoci na zama da su awa ashirin da huɗu bayan an gama. Ba a rage nauyin gungumen ba, ba a ɗumama ruwan tekun ba. Abin da nake fata ga Zariya da Kaduna da Jaji da Buni Yadi ke nan: ma'aunin zafi a bakin filin horo daga Maris zuwa Mayu, randar ruwan sanyi kusa da inda ake ƙare gudu, saje da ya san AS na cikin 'yan ɗakinsa, da doka a rubuce cewa kurtun da ya kai kansa wurin likita da rauni na gaskiya za a yi masa magani ya koma layi tare da 'yan'uwansa ko ajin da ke biye.